Kujeru Huɗu, Mu Biyu

Ku matso kusa ku ji, 'yan uwa. Tun da na dawo, duk wanda ya shigo yi mani barka da hanya sai na ɗauko masa labarin nan daga tushe, har muryata ta fara dishewa. Gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya da ɗan karatun da Allah ya ba ni, kowa ya karanta da kansa.

Mun tashi da asuba daga gidanmu na Gawon Nama, ni da matar babban ɗana, shi kuma yana jan mu a mota zuwa filin jirgi. An gaya mani sai sha ɗaya da rabi jirgin zai tashi, amma ni da tasha na saba, inda mota in ta cika ba ta jiran kowa. Ban taɓa wuce Gusau ba a rayuwata, kuma ko cikin gari sai in yi wata ban leƙa ƙofar gida ba, ina tuyar ƙuli-ƙulina da matsar mai. Autata ce ta haihu a Abuja, haihuwar fari, dole in je in yi mata jego.

Hanya ta yi kyau, an yi ruwa kwana biyu kafin nan. Da muka bar gari muka miƙe hanyar Bodinga, gero ya yi kai dama da hagu, masu shayi suna ta hura wuta, 'yan kabu-kabu sun ƙudundune cikin rigunan leda. Sai dai cikin motarmu babu walwala. Ɗana ya kafe ido a titi, matarsa ta juya fuska ga taga. Bari in gaya muku dalili.

Ni na ce da kuɗina zan je, don abin kunya ne in tafi jegon ɗiyata da kuɗin suruki. Na sayar da tumakina biyu, na haɗa da abin da na tara a banki. Ranar Alhamis na ba matar ɗana katina, tunda ita ta yi boko, ta sayo mana tikiti biyu a wayarta, dubu ɗari da ashirin kowane, da wasu 'yan dubbai da suka ce ladan biya da kati ne. Ta danna, wayar ta yi ta juyi, ta rubuta mata cewa bai tafi ba. Ta sake dannawa, tikiti ya fito. Ina bakin murhu a lokacin, na ji tawa wayar ta yi ƙara sau biyu daga ƙuryar ɗaki. Ni kuwa ina da wata ɗabi'a da duk matan gidanmu suke da ita: saƙon banki in ya shigo, ko karantawa ba ma tsayawa yi, gogewa muke nan take, kada wani ya ɗauki waya ya ga abin da muka mallaka, baki ya kama. Haka na goge duka biyun da hannuna mai mai.

Washegari Juma'a da la'asar na je wurin mai cirar kuɗi na bakin layinmu don in sayi yaji da kanwa da kayan ƙamshi, ya ce kuɗin ba su kai ba. Wasu dubu ɗari biyu da arba'in sun yi ƙafa. Banki ya rufe sai Litinin, ranar tafiyarmu. Kafin magariba zance ya kai Ƙofar Atiku wurin yayar marigayi maigidana, wadda yara ke kira Gwaggo, wadda ba a ƙetare maganarta a dangi. Ta aiko aka kira mu, ta ce kati a hannun wa ya kwana? Ta ce uban yarinyar manomin shinkafa ne, kuma lokacin sayen taki ne, kowa ya yi lissafi da kansa. Na ce na ji ƙara biyu, ta ce ai ta biyun ita ce wadda aka tura ƙauye. Yarinya ta yi rantsuwa har da kuka, ta ce a duba saƙon, ni kuwa na goge. Gwaggo ta yanke cewa da mun dawo ta wuce gidansu ta huta tukuna. Ku kun san ma'anar irin wannan hutun. Ɗana ya daina cin abincinta. Ni ma, in gaya muku gaskiya, zuciyata ta ɗan yi rawa.

Mun isa filin jirgi masu shara ba su ma gama ba. Muka zauna awa huɗu cur. Na tambayi ruwan gora, aka gaya mani kuɗin da zai sayi uku a unguwarmu, na ce a bar shi, ƙishin ya wuce. Na kwance ƙullin dabino na miƙa wa yarinyar, ta ɗauki ɗaya don kunya, ta riƙe shi a hannu ba ta ci ba.

Da aka buɗe kantar duba tikiti muka shiga layi. Ni idona ba ya karatu da sauri, amma kunnena, alhamdu lillahi, ko maƙwabta suna raɗa a bayan katanga ina iya gaya muku wa aka yi da shi. Yaron da ke duba tikiti ya karɓi takardunmu, ya kalli na'urarsa, ya karkata ga abokin aikinsa ya ce ƙasa-ƙasa, “Ka ga waɗannan ma sunansu sau biyu ya fito.” Ya ci gaba da aikinsa kamar bai ce komai ba.

Na dafa kantar da hannu biyu. “Yaro, mi kac ce ma abokinka yanzu?”

“Babu komi, Inna. Ki aza jakarki bisa sikeli.”

“Jaka ba ta hawa ko'ina sai ka maimaita. Sunan wa yaf fito sau biyu?”

Ya ga layi ya tsaya, mutane sun fara leƙe, sai ya juyo da na'urar ya nuna wa matar ɗana. Sunana da nata, sau biyu, jirgi ɗaya, rana ɗaya, kowane da lambarsa daban. Ashe dannawar farko da waya ta ce ba ta tafi ba, ta tafi sarai. Yarinyar nan ta kalli allon, ta kalle ni, sai hawaye shar. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na ce a maido mani kuɗina yanzu. Ya ce shi ba aikinsa ba ne, sai babban ofishinsu na Abuja. Na ce to, ya rubuta mani lambobin nan biyu a takarda da hannunsa. Ya rubuta. Na naɗe ta na ƙulle a bakin zane, inda ko ɓarawon kasuwar daji bai isa ya kai ba.

Na so in kira ɗana a take, yarinyar ta riƙe mani hannu. “Inna, bari sai mun samu takarda mai hatimi. Gwaggo za ta ce baki munka haɗa.” Na ga gaskiyarta.

Hawa jirgi kuma, sai wanda ya gani. Da ya fara gudu na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Amma da ya daidaita a sama na buɗe ido ɗaya, na ga fadama shimfiɗe kore shar, gulbi yana walƙiya kamar an yar da zare, garuruwa kamar an watsa tsaba. Jirgin ya cika maƙil, ban da kujeru biyu a jerin da ke gefenmu. Na ce wa yarinyar, “Ga namu can.” Na tashi na ajiye jakar hannuna a ɗaya, ledar kilishi a ɗayar. Wani Bakano mai ƙiba da aka matse a baya ya taso zai zauna, na ce masa wurin da mai shi. Ya ce ina mai shi? Na ce ni ce, na biya. Ya ce, “Hajiya, daga jin bakin nan Basakkwata ce. Ku da kujera ɗaya ba ta isarku?” Na ce ai mu ba mu saba matsatsi irin na Kano ba. Aka yi ta dariya. Daga baya na tausaya masa na ɗauke kilishin, ya zauna, ya kuma ci rabinsa. A nan ne na ga yarinyar ta yi murmushin farko cikin kwana huɗu. Biskit ɗaya da ɗan ruwan lemo suka ba mu, abin da ko yaye ba za a yi da shi ba, kafin in gama taunawa an ce mun iso.

Abuja gari ne na duwatsu da tituna masu faɗi, ga bishiyoyi, amma ba ka ganin kowa zaune a ƙofar gida. Na yi ta mamakin inda suke hira. Mai tasi ya faɗi kuɗin da a Sakkwato zai kai ka Illela ya dawo da kai, na taya rabi, ya yi dariya, mijin autata da ya zo tarbarmu ya biya. Tumatir ƙwaya biyar a faranti suke sayarwa kamar ƙwai, albasa kuwa da na ji kuɗinta sai da na ce ina ma na cika jakata da ita daga gida. Na sami ɗiyata lafiya, jaririya ja-jawur mai yawan gashi. Ranar ban yi zancen kuɗi ba. Na sa aka samo ganyen dogon yaro, na dafa ruwa, na dama kunun kanwa.

Washegarin suna, da baƙi suka watse, na ce wa matar ɗana ta ɗauko mayafinta. Muka fara da reshen bankina. Sanyin na'urarsu ya sa na yi ta atishawa. Wata ma'aikaciya Banufiya mai jin Hausa ta buga mana takardar shige da ficen kuɗina, ta buga hatimi. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: an cire kuɗin tikiti, bayan minti ɗaya an sake cirewa, duka zuwa kamfanin jirgi, kuma ladan kati ma sau biyu aka yanka. Babu sunan ƙauye, babu sunan uban kowa. Ta ba mu fom na ƙorafi muka cike, ta ce su za su bi ta nasu ɓangaren, amma zai fi sauri in kamfanin ya amsa da kansa cewa ya karɓa sau biyu.

Ofishin kamfanin yana hawa na uku a wani dogon bene. Na ƙi shiga akwatin nan mai hawa da mutane, na taka matakala ina hutawa. Wani saurayi ɗaure da igiyar nan ta 'yan boko a wuya ya karɓi takardunmu, ya duba sama-sama, ya yi Turanci mai tsawo. Yarinyar ta fassara mani: wai mu muka sayi tikiti huɗu, biyu ba su zo ba, kuma wanda bai zo ba ba a mayar masa da kuɗi. Na ce ta tambaye shi, ni da na zo, da ni da ban zo ba, wace ce ke tsaye a gabansa? Ya ce doka ce. Na ce a kira mai dokar. Ya ce ba ta nan, mu rubuta wasiƙa ta waya, za a amsa cikin mako shida.

To, ni ban iya wasiƙar waya ba, amma na iya zama. Mace da ta shekara talatin tana jiran gyaɗa ta yi mai, zaman ofis mai sanyi ba zai gagare ta ba. Na sami kujera mai taushi daidai gaban teburinsa, na cire takalmi, na fito da goro da carbi. Duk wanda ya shigo na gaishe shi, in yana jin Hausa na ba shi labari, in ba ya ji yarinyar ta fassara. Kafin azahar mun sami mutum uku masu irin ciwonmu, suka ja kujeru kusa da ni. Saurayin nan sai gyara igiyar wuyansa yake yi.

Na fita neman wurin alwala, sai na ji mai gadi yana waya a gindin matakala da bakinmu na Sakkwato yana cewa, “Ce mishi ya bari sai na zaka.” Na tsaya cak. Na ce, “Kai ɗan ina na?” Ya ce Gwadabawa. Muka gaisa kamar uwa da ɗa, na ba shi goro, ya kawo mani buta da tabarma. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni, ya rage murya ya ce, “Inna, matar da ka sa hannu tana nan. Ta ƙofar baya taka shiga, kuma ƙarfe biyu taka fitowa cin abinci. Doguwa ta, mai farin gilashi. Ni dai ban ce komi ba.”

Ƙarfe biyu saura muna tsaye a ƙofar baya. Ta fito, doguwa mai farin gilashi, ba ta jin Hausa ko ta sannu. Na buɗe baki, sai na tuna ba ni da abin faɗa da za ta gane. Na juya ga matar ɗana. Jama'a, shekara uku yarinyar nan tana gidana, ban taɓa jin muryarta ta wuce ta mai gaisuwa ba. Ranar ta gyara tsayuwa, ta buɗe takardar banki, ta ɗora takardar lambobin nan biyu a kai, ta yi ta zuba Turanci tana nuna minti ɗayan da ke tsakanin cira da cira. Ban ji ko kalma ba, amma na ji inda muryarta ta yi rawa, na kuma ji inda ta daina rawa. Matar ta cire gilashi, ta sake dubawa, ta tambayi wani abu, yarinyar ta amsa a gajarce ta sunkuyar da kai. Daga baya ta gaya mani tambayar ita ce me ya sa tsohuwa ta hawo bene uku da kanta, ita kuma ta ce saboda ana zargin ita ta sace.

Matar ta fasa cin abincin. Ta koma da mu ciki, ta kira saurayin, ta yi masa magana a hankali, irin wadda ta fi tsawa zafi. Ta ce kuskuren na'urarsu ne, za a mayar da kuɗin tikiti biyu cikin kwana goma. Na ce a gaya mata na gode, amma takarda nake so, mai hatimi, wadda ta ce kuɗina wurinsu suka tafi tun ranar Alhamis. Ta rubuta, ta sa hannu. Na ce saura ladan kati na biyu. Ta yi dariya ta ce Mama, wannan ai ɗan kaɗan ne. Na ce ƙuli-ƙuli nawa ta san zan murza kafin in same shi? Ta ƙara layi ɗaya a takardar. Mutanen nan uku ma ta karɓi nasu takardun. Da muka sauko na sayi masara gasasshiya guda biyu a bakin titi, muka tsaya a nan muka ci kamar yara, ko tayi ban yi ba.

Ran kwana na tara ina tsakiyar gasa wa jaririya cibi waya ta yi ƙara. Na miƙa wa matar ɗana da hannun hagu na ce ta karanta da ƙarfi. Kuɗin tikiti sun dawo cif. Ladan katin sai da ya ƙara kwana huɗu, shi ma ya biyo baya. Da lokacin komawa ya yi, uwar mijin autata ta zo ta karɓe ni a jegon, na zaro katin a gaban kowa na ba yarinyar na ce ta sayo mana na komawa. Wayar ta sake yin juyin nan nata. Muka zuba mata ido, babu mai motsi, kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Yarinyar ba ta sake dannawa ba. Can sai ga tikiti.

Mun sauka Sakkwato da rana tsaka, zafin gida ya daki fuskata, na ji daɗinsa. Ɗana ya zo ɗaukarmu, na ce kada ya nufi Gawon Nama, ya wuce Ƙofar Atiku. Muka sami Gwaggo a kan buzunta. Bayan gaisuwa na kwance takardun na ba ɗana na ce ya karanta, ya fassara, kada ya tsallake ko layi. Yana karantawa muryarsa na ƙanƙancewa. Da ya gama, Gwaggo ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, “Allah shi kyauta. Yaya mai jego?” Iyakar abin da ta ce ke nan. A mota na gaya wa ɗana abin da ba zan rubuta a nan ba. Ya tsaya a Minanata ya sayi balangu mai yawa, ya miƙa baya ba tare da ya waiwaya ba, ya ce, “Ki yi haƙuri.” Ta karɓa.

Abin da tafiyar nan ta koya mani, na'ura ma tana kuskure, kuma in ta yi, mutumin da ya fi kusa kuma ya fi rauni shi ake fara kamawa. In waya ta ce kuɗi bai tafi ba, ku dakata ku duba kafin ku sake dannawa. In an cire muku sau biyu kada ku ce kun bar wa Allah alhali ƙafarku na iya hawa bene. Ku nemi takardar banki mai hatimi, ku nemi wanda ke sa hannu, ba wanda ke zaune a gaba ba. Na kuma gane shekara uku ina zaune da mutum ban san ko wace ce ba.

Washegari da hantsi ina shara sai na ji sallama. Gwaggo ce da kanta, matar da rabonta da fita tun rasuwar ƙaninta, ta sauko daga keke napep tana dogara sanda. Ba ta shiga ɗakina ba. Ta wuce kai tsaye ɗakin yarinyar, ta zauna a tabarmarta, ta ce a ba ta abin da aka dafa. Ta cinye tuwon tas, ta ce miyar ta yi daɗi, ta ajiye turmin atamfa a bakin gado, ta ce in an kira ƙauye a gaida mata baban yarinyar, a tambaye shi ya shinkafa. Ta tashi ta tafi. Kalmar haƙuri ba ta fito daga bakinta ba. Yarinyar ta ce ita ya ishe ta, har ta kai atamfar wurin tela. Ni kuwa har yanzu abin yana ɗan sosa mani rai.

Ku fa, da ku aka yi wa wannan zargi a gaban dangi, tuwon da aka ci da turmin atamfa sun wanke muku zuciya, ko sai kun ji an furta da baki?